Raunin da Ba a Kai Asibiti Ba: Matasanmu da Shekarun Bama-bamai

 

An ba ni dama in yi magana kan abin da shekarun hare-hare suka bar wa matasan wannan yanki namu na Kura da Bunkure da Garun Malam. Maganata guda ɗaya ce. Mun ƙirga waɗanda suka rasu, mun ƙirga waɗanda aka kwantar a asibiti, amma yaran da suka ga abin da idonsu suka koma gida ba ƙwarzane a jikinsu, su ba wanda ya tambaye su yadda suka kwana. Waɗannan yara su ne magidantanmu na yau.

Mu fara da tuna abin da ya faru. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da yamma, 'yan Boko Haram suka afka wa birnin Kano ta kusurwoyi da dama a lokaci guda: ofishin 'yan sanda na shiyya ta ɗaya, hedikwatarsu ta Bompai, ofishin jami'an tsaro na farin kaya, da ofishin shige da fice. 'Yan sanda suka ce mutum 185 sun rasu. Aka sa dokar hana fita, aka cika tituna da shingaye. A Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana acaba a cikin birni, samarinmu da yawa suka dawo ƙauye da babur ba sana'a. Ranar 28 ga Nuwamban 2014 aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, aka buɗe wa masallata wuta, mutum sama da ɗari suka riga mu gidan gaskiya.

Duk wannan mu jiyau ne, ta rediyo da bakin 'yan uwa da ke zuwa kasuwa. Ranar Juma'a 27 ga Nuwamban 2015 muka zama ganau. A Dakasoye, kan titin Zariya, ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa cikin masu tattakin Arba'in da suka taso daga Kano, ya hallaka aƙalla mutum 21. Wannan titi shi ne wanda muke bi mu kai tumatir Kwanar Gafan, kuma duk mun san su wane ne ke cika bakinsa in taro na wucewa: yara masu tallar ruwa da rake da gyaɗa, da samarin da suka ajiye fartanya suka fito kallo.

Wani tsohon ɗalibina yana cikinsu, yana ɗan shekara 14 a lokacin. Ya ce da ni abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne takalma, silifas barkatai a kan kwalta, manya da ƙanana, ba masu su. Ya koma gida a guje, mahaifiyarsa ta shafa jikinsa ta ga ba jini, ta yi hamdala, aka ce ya ci abinci ya kwanta. Washegari ya tafi ban ruwa kamar kullum. Daga nan yaron da ke zama a layin gaba a aji ya koma kusa da ƙofa. In taya ta fashe a titi sai ka ga biro ya faɗi daga hannunsa. Ranar Juma'a yakan tsaya a sahun ƙarshe, can waje cikin rana, idonsa a kan duk wanda ya shigo da babbar riga. A gida aka ce ya zama miskili, wasu suka ce iska ce.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo sarai. Idan mutum ya ga mutuwa ido da ido, jikinsa yakan shiga shirin gudu, zuciya ta buga da ƙarfi, barci ya ƙaurace. Ga yawancin mutane wannan yakan lafa cikin 'yan makonni. Ga wasu kuwa ba ya lafawa: mugun mafarki, zabura da ƙaramar ƙara, gudun wurin da abin ya faru, saurin fushi, rashin iya tattara hankali a kan karatu. Matashi ya fi shiga haɗari domin a shekarun ne yake yanke wa duniya hukunci, ko wurin aminci ce ko akasin haka, ko baƙo abin karɓa ne ko abin tsoro. Hukuncin da ya yanke yana ɗan shekara 14 da shi zai riƙe iyalinsa yana ɗan 30.

Akwai kuma rauni na biyu, wanda mu manya muka yi da bakinmu. Bayan Dakasoye, a wasu majalisunmu an tsaya tantance aƙidar mamatan kafin a yi musu addu'a. Yaron da ya ga gawar sa'arsa a kan titi, ya zo ya ji dattijo yana jan baki wajen cewa Allah ya jiƙanta, wane darasi ya ɗauka? Ya koyi cewa akwai jinin da bai kai a yi masa kuka ba. Wannan shi ne ainihin karatun da masu ɗaura wa yara bam suke koyarwa, kuma bai kamata a ji shi a zaurenmu ba.

Mun iya cewa a yi haƙuri, kuma haƙuri ibada ne. Sai dai mun haɗa shi da yin shiru, har muka ce namiji ba ya kuka, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ku manoma kun san abin da ke faruwa in ciyawa ta toshe kanal: ruwan Tiga ba ya komawa inda ya fito, ɓallewa yake ta gefe ya cinye shukar maƙwabci. Haka damuwar da aka danne take ɓullowa ta dukan mata, ta tsawa ga 'ya'ya, ta ƙwayar da saurayi ke haɗiya don ya samu barci.

Ga abin da nake roƙo. Iyaye, ku zauna da waɗannan samari da 'yan matan, ko da sun yi aure, ku tambaye su abin da suka gani, ku bar su su kai ƙarshen magana kafin nasiha. Malaman makaranta, ɗalibin da ya sauya hali farat ɗaya a fara da tambayarsa kafin bulala. Limamai, ku faɗa a kan mumbari cewa addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, kuma wanda ya je ganin likita a Dawanau ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ba mahaukaci ba ne. Shugabannin ƙananan hukumominmu uku, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamomin nan, domin can ne talaka yake fara zuwa yana cewa kansa ke ciwo ko ya kasa barci. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da kuke taruwa kan rabon ruwa da yashe magudanai, ku sa ido a kan ɗan uwan da ya janye jiki daga mutane, ku je har gida.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu baki ɗaya, ya ba masu ɗauke da wannan ciwo lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.