Yadda Za A Sami Ganyen Shayi Mai Kyau Cikin Rahusa: Jawabi Ga Jama'ar Sahon Rami

Wannan jawabi ya shafi ganyen shayi ne na awo, watau wanda ake sayarwa a ƙulli ko a gwangwani ko a kan sikeli. An shirya shi domin masu teburin shayi na Sahon Rami da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙasar Kontagora, da matan aure masu haɗa karin kumallo, da samari masu dafa shayi a majalisa da dare. Tun shekarar 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kusan duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, ga shi kuwa yawancin shayin da ake sha a ƙasan nan daga waje yake zuwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai ƙaramin ƙarfi ya juya ga ganyen awo. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi, domin wanda bai san ganye ba yakan biya kuɗin shayi ya koma gida da kara da ƙura.

Shayi ganyen wata 'yar bishiya ne wadda take son ƙasa mai tudu da sanyi, da ruwan sama a yawancin watannin shekara. Dalilin da ya sa ke nan ƙasar Kontagora, duk da albarkar masara da dawa da gyaɗa da Allah ya yi mata, ba ta karɓar shayi, saboda raninta yana da tsawo. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa noma shi, Indiya tana biye. A nahiyar Afirka kuwa Kenya ce kan gaba, kuma a birnin Mombasa ake yin babban gwanjon shayi inda 'yan kasuwar duniya suke tayawa. Nijeriya ma tana da nata. A kan tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda tudun ƙasa ya haura mita 1,500, akwai gonar shayi a Kakara wadda aka fara cikin shekarun 1970, daga can ne shayin nan mai suna Highland Tea yake fitowa. Abin da ake nomawa a Mambila bai ishi ƙasa ba, amma ya cancanci mai saye ya tambaye shi a kasuwa, tun da yake bai ƙetare teku ba balle a ɗora masa kuɗin jirgi da na kwastan.

Baƙin shayi da koren shayi duk daga bishiya ɗaya suke. Idan aka tsinko ganye aka bar shi ya yi yaushi, aka murza shi, aka bari iska ta juya launinsa kafin a busar, shi ne baƙi. Idan kuwa aka gasa shi ko aka turara shi nan da nan, sai ya tsaya kore. Ganyen da ya fi daraja shi ne toho da ganye biyu na can sama. Na ƙasa da su ya tsufa, ya yi kauri, ƙanshinsa kaɗan ne. Bayan an busar sai a tankaɗe a raba shi aji-aji: cikakken ganye, da karyayye, da tsaki, sa'an nan gari. Akwai kuma wanda inji yake dandatsawa ya dunƙule shi ƙanana kamar ƙwayar gero, hanyar da ake kira CTC, wadda aka ƙago a Asam ta ƙasar Indiya wajen 1930. Yawancin shayin Kenya irinsa ne.

Kada a ɗauka cewa tsaki da gari shayin banza ne. Suna saurin ba da launi da ƙarfi, kuma su ne suka fi dacewa da madara, shi ya sa akasari su ake zubawa cikin 'yan ƙunshin takardan nan masu zare, waɗanda jama'a suke kira Lipton ko da wane kamfani ne ya yi su. Aibinsu biyu ne: suna saurin rasa ƙanshi idan an bar su a buɗe, kuma sun fi sauƙin a yi musu algus, tun da ido ba ya rarrabe gari da gari.

To, ina rahusar take? Kofi ɗaya na shayi yana cin kimanin giram 2 na ganye, daidai da abin da ke cikin ƙunshi ɗaya mai zare. Ke nan kwali mai ƙunshi 25 bai wuce giram 50 ba, kuma a cikin kuɗinsa har da na takarda da zare da kwali da talla. Kilo ɗaya na ganyen kirki kuwa yana ba da kofi wajen 500. Amma a nan ne mutane suke ruɗuwa, domin sukan duba kuɗin kilo su manta da yawan kofi. Alal misali kawai, a ce ga ganye biyu, ɗaya Naira 6,000 kilo, ɗaya Naira 4,000. Na farko cokali ɗaya ya isa kofi, watau kowane kofi ya tashi Naira 12. Na biyu sai an zuba cokali biyu kafin ruwa ya yi launi, kilonsa kofi 250 ke nan, kowane kofi ya tashi Naira 16. Mai teburin da ya zaɓi na biyu yana murna ya sami araha, alhali kuwa jarinsa ne yake zurarewa a hankali, ga abokan ciniki suna komawa teburin maƙwabcinsa ba tare da sun gaya masa dalili ba.

Gane ganye mai kyau ba ya bukatar ɗakin bincike. Da farko mai saye ya ɗebo kaɗan ya baza a tafin hannunsa cikin hasken rana. Ganye nagari girmansa kusan ɗaya ne, launinsa bai ɗaya. Idan aka ga kara da jijiya masu launin ƙasa-ƙasa sun yi yawa, to tsohon ganye ne, kuma kara nauyi kawai yake ƙarawa a sikeli. Sa'an nan ya murza shi tsakanin yatsu: busasshen ganye yakan karye da ɗan ƙara, wanda ya sha raɓa kuwa yakan lanƙwashe, kuma ruwa ake sayar wa mutum da kuɗin shayi. Bayan haka ya hura masa numfashi ya sansana. Shayi yana da ƙanshinsa. Idan babu ƙanshi ko kaɗan ya daɗe a ajiye, idan kuma an ji warin rima ko hunhuna, lalle a bar shi, ko kyauta ne.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na ruwan sanyi, domin shi ne yake tona asirin rini. Akwai marasa tsoron Allah da suke tattara ganyen da aka riga aka dafa, su shanya shi, su rina, su gauraya da sabo. Shayi na gaskiya ba ya sakin launinsa da sauri sai a ruwan zafi. Saboda haka a barbaɗa kaɗan cikin kofin gilashi mai ruwan randa a zuba ido. Idan nan take ja ko ruwan ɗorawa ya fara tsiyaya daga ganyen, rini ne. Haka kuma ana iya jiƙa farar takarda a yayyafa ganyen a kai. Tabon da ya bayyana cikin 'yan mintoci shaida ne. Idan aka bar kofin ya natsa, yashi ko ƙasa za su kwanta a gindi. Babu wanda ya san irin rinin da mai algus ya yi amfani da shi, kuma cikin yara da tsofaffi zai shiga. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushin a gwada kayansa a gabansa. Wanda ya fusata ya riga ya ba da amsa.

Masu shan koren shayi irin na Buzaye, wanda wasu suke kira ataya, suna da nasu ma'auni. Wannan ganye daga Sin yake zuwa, kuma a jikin kwalinsa akan ga lambobi kamar 41022 ko 4011 ko 9371 ko 3505, waɗanda suke nuna iri da aji. Sai dai lamba tawada ce a kan kwali, kowa yana iya bugawa. Buta ce alƙali: ganye nagari yana jure dahuwa uku, kuma idan aka juye shi bayan an gama za a ga ya buɗe ya zama ganye sosai. Wanda ya mutu tun a dahuwa ta biyu bai kai kuɗinsa ba.

Game da saye, ƙulli shi ne hanya mafi tsada, domin kaya ya bi hannu da yawa kafin ya iso, daga manyan dillalai irin na kasuwar Singa ta Kano zuwa Kontagora, sa'an nan zuwa ƙauye, kowa da ribarsa. Masu tebur biyar ko shida suna iya haɗa kuɗi kamar yadda ake adashi, ko su kafa ƙungiyar gama kai, su tura mutum ɗaya wanda ya san ganye ya sayo buhu ko katan a Kontagora, a raba a kan sikeli. Amma kada ya sayi buhu sai ya fara sayen kaɗan ya dafa ya ɗanɗana, kuma kada a sayi abin da ya wuce bukatar wata biyu ko uku, musamman da damina.

Ajiya ma tana cin riba. Shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, don haka a nisanta shi da kananzir da sabulu da daddawa da busasshen kifi. A zuba shi cikin gwangwani mai murfi, a ajiye inda rana da danshi ba sa kai, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Citta da kanumfari da na'a-na'a a ajiye su dabam, a haɗa a buta.

Wanda zai sayi ganye a cikin kwali ko leda ta kamfani ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, ya kuma duba ranar da kayan zai lalace. Wanda ya ci karo da shayi mai rini ya riƙe samfurinsa ya kai wa jami'an lafiya na ƙaramar hukuma, ko ofishin hukumar da ke Minna. Har ila yau akwai abin lura ga iyali: shayi mai kauri, komai kyawunsa, yana rage wa jiki zuƙar sinadarin ƙarfe da ke gina jini idan an sha shi tare da abinci. Mata masu juna biyu da yara da masu ƙarancin jini su bari a sami tazarar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi, kuma kada a haɗiye maganin ƙarin jini da shi.