Jawabi ga 'Yan'uwa a Kan Rashin Aiki



Mu mutanen Konni, abincinmu yana bin hanyar Illela. Najeriya ta rufe iyaka a 1984, shekarar fari, ta sake rufewa a 2019 da 2023. Kowane karo 'yan dako suka zauna ba aiki, albasar Galmi ta yi kwantai. Duk da an buɗe iyakar a 2024, har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba.

Mun lura waɗansu sun daina zuwa sujada don ba su da abin baiko. Wannan kunya ba ta da wuri a gidan Ubangiji. Ku tuna gwauruwar Zarefat: ɗan gari da ɗan mai kaɗai suka rage mata, ta fara ciyar da annabi Iliya, tukunyarta kuwa ba ta ƙare ba har ruwa ya sauko. Manzo Bulus ma yana addu'a, yana ɗinkin tanti da hannunsa.

Saboda haka mun shirya abu uku. Kowace Laraba da maraice mu taru, mu ambaci marasa aiki da sunansu gaban Allah. Kowace Lahadi mai hali ya kawo tiya guda ta hatsi, dattawa su raba a asirce, har da maƙwabtanmu Musulmi. Wanda kuma ya ji labarin ƙwadago a Malbaza ko a fadama, ya gaya wa ɗan'uwansa kafin ya kwana.

Allah ya ba mu abincin yau. Amin.