Faifan Faraday da Masu Neman Wutar Banza



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani ɗan inji mai sauƙin haɗawa, wanda ya fi shekara 190 yana jan hankalin masana da masu sha'awar ƙere-ƙere. Turawa suna kiransa homofola, amma a nan za a kira shi janareta mai faifai, domin kayan haɗinsa ba su wuce faifan jan ƙarfe da maganaɗisu da 'yan wayoyi biyu ba. A ƙasashe da yawa akwai mutanen da ke haɗa shi a ɗakunansu ba don albashi ba. Waɗansu ilimi suke nema. Waɗansu kuwa sun sakankance cewa a cikinsa akwai asirin samun wutar lantarki kyauta, watau injin da zai ba da fiye da abin da ya ci. 'Yar'uwar wannan magana ta shigo kasuwannin Nijeriya da sunan janareta marar shan mai. Saboda haka batun ya shafi ɗalibin da zai iya ɓata shekara guda yana bin inuwa, ya kuma shafi ma'aikacin da wata rana za a ajiye wa takarda a tebur, a ce ya sa hannu a fitar da kuɗin jama'a.

Asalin faifan

Wanda ya fara haɗa wannan inji shi ne Michael Faraday, ɗan wani maƙeri, wanda aka haifa kusa da Landan a 1791. Bai yi zurfi a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya shekara bakwai a can, yana karanta abin da aka ba shi ya ɗinka. Tun a shagon ya soma gwaje-gwaje, har a 1812 ya haɗa batir da tsabar sisin kobo guda bakwai da faya-fayan zinki bakwai da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri. Ashe ke nan uban wannan fanni shi kansa da sha'awa ya fara. A 1813 masani Humphry Davy ya ɗauke shi mataimaki a Cibiyar Sarauta ta binciken kimiyya da ke Landan.

A 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Oersted, ya lura cewa in wuta ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata. Sai tambaya ta taso: tun da lantarki yana haifar da maganaɗisu, ko maganaɗisu zai haifi lantarki? A 1824 kuma Arago na Faransa ya ga cewa faifan jan ƙarfe in yana juyawa yakan ja allurar kamfas ta bi shi, alhali kuwa maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe. Ba a san dalili ba sai a 1831. A watan Oktoba na wannan shekara Faraday ya sa faifan jan ƙarfe mai faɗin inci 12 tsakanin kawuna biyu na wani babban maganaɗisu, ya ɗora waya ɗaya a sandar tsakiya, ɗaya tana gogar bakin faifan, ya juya shi. Allurar ma'auninsa ta karkata, ta tsaya a karkace muddin faifan yana juyawa. Wannan shi ne janareta na farko da ya ba da wuta mai gudana ba yankewa.

Yadda yake aiki

A cikin jan ƙarfe akwai ƙwayoyin lantarki da ake kira elektaron, waɗanda ba a ɗaure suke ba. Idan ƙarfen ya gitta ta gaban maganaɗisu, sai a tura su gefe guda. A kan faifai mai juyawa turin yana bin hanya daga cibiya zuwa baki, ko daga baki zuwa cibiya, gwargwadon inda aka juya. Da yake faifan ba ya sauya kan maganaɗisun da yake fuskanta, wutar tana gudu ta fuska ɗaya kullum kamar ta batir.

A nan ya kamata a rarrabe ma'aunai uku. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, kamar tsawon tankin ruwa daga ƙasa. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke bin bututu. Wat kuwa shi ne aikin da ake samu, watau bolt sau amfiya. Janaretan da aka saba gani yana da naɗin waya ɗaruruwa, kowane naɗi yana ƙara turi a kan na baya. Faifai kuwa tamkar naɗi ɗaya ne tak, amma mai kauri ƙwarai. Don haka bolt ɗinsa kaɗan ne, amfiyarsa tana da yawa, kamar faffaɗan kogi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Alal misali, faifai mai faɗin santimita 20, a cikin maganaɗisu mai ƙarfin rabin tesla, yana juyi 3,000 a minti ɗaya, lissafi ya nuna abin da zai bayar bai kai bolt ɗaya ba, kimanin 0.8 ne, alhali batirin tocila guda yana ba da 1.5.

Kada wannan ya sa a raina shi. A Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, masani Mark Oliphant da abokan aikinsa sun gina wani ƙato wanda ya fara aiki a 1962. Faya-fayansa na ƙarfe suna da nauyin tan-tan masu yawa. Akan ɗauki lokaci ana juya su da wutar gari har su yi gudu sosai, sa'an nan a kwashe ƙarfin da suka tara cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, wutar ta kai amfiya wajen miliyan biyu. An yi bincike da shi har zuwa 1986 da aka kwance shi. Abin lura shi ne, masu shi ba su taɓa cewa ya ƙirƙiri makamashi ba. Rumbu ne: abin da aka zuba a hankali shi aka ɗiba a gaggauce.

Inda ruɗu ya samo asali

Faraday ya ci karo da wani abin mamaki wanda har yau ake kira da sunansa. In aka juya faifai aka bar maganaɗisu a tsaye, akan sami wuta. In aka juya maganaɗisu a kan cibiyarsa aka bar faifai a tsaye, ba a samun komai. In kuma aka manne su aka juya su tare, sai wuta ta fito kamar da farko. Wannan na uku shi ne ya ruɗi mutane da yawa.

A ƙarshen shekarun 1970 wani Ba'amurke, Bruce DePalma, wanda ya taɓa koyarwa a makarantar fasaha ta MIT, ya gina inji a kan wannan gwaji na uku. Hujjarsa ita ce: tun da maganaɗisu da faifai tare suke tafiya, babu abin da zai riƙe faifan in an ja wuta, saboda haka injin zai ba da ninkin abin da ya ci, yana ɗibar rarar daga sararin samaniya. Wani injiniya a Indiya, Paramahamsa Tewari, shi ma ya yi shekaru yana bin irin wannan hanya. DePalma ya rasu a 1997 ba tare da an ga injinsa ya juya kansa da kansa ba. Duk da haka zane-zanensa sun bazu, musamman da ya zamana tun farkon shekarun 1980 an ƙago maganaɗisun neodimiyam, ƙarami mai tsananin ƙarfi, wanda daga baya ya yi araha har kowa ya iya saye.

Kuskuren yana wuri biyu. Na farko, an manta da wayar da ke waje. Wuta ba ta gudana sai hanya ta zagayo ta haɗe, kuma rabin hanyar nan, watau wayoyi da ma'auni, a tsaye yake. Maganaɗisu mai siffar da'ira in ya juya a kan cibiyarsa ƙarfinsa ba ya sauyawa a ko'ina, don haka juyinsa da tsayuwarsa duk ɗaya ne. Abin da ke haifar da wuta shi ne motsin faifai game da wayar da ke tsaye. Na biyu, da zarar wuta ta fara ratsa faifan, maganaɗisu yana tura ta ta fuskar da ke tsayar da juyin. Wannan ita ce ƙa'idar da Lenz ya bayyana a Rasha a 1834. Duk wanda ya hau keke mai dainamo ya san ta da cinyarsa, domin da fitila ta kama tuƙi ke ƙara nauyi. Haka nan mai janareta a gida yana jin kukan injin ya sauya da zarar an jona dutsen guga. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

To, me ya sa mutanen kirki, waɗanda ba ƙarya suka shirya ba, suke ganin kamar sun sami rara? Amsar tana wajen awo. Gogar da ke ɗaukar wuta daga bakin faifai tana cin ƙarfi mai yawa ta hanyar guga da zafi. A ɗauka injin da ke juya faifan yana shan wat 1,000 tun ba a ja komai ba. In aka ja wat 20, ƙarin nauyin zai ɓace cikin rawar allurar ma'auni, mai gwaji ya ce bai ga an ƙara shan komai ba. Daɗin daɗawa, faifai mai nauyi yana tara ƙarfin juyi kamar na Kanbera, yana iya ba da wuta na 'yan daƙiƙoƙi daga abin da ya tara kafin a lura gudunsa ya ragu. Ga shi kuma awon ɗan guntun bolt tare da amfiya masu yawa yana da wuya ko a ɗakin bincike, balle da ma'aunin kasuwa.

Gwajin da ke raba gardama ɗaya ne: a mayar da wutar da injin ya bayar ta juya shi, a cire shi daga kowace irin wuta ta waje, a zauna a gani. A ce injin juyi yana mayar da kashi 80 cikin 100 na abin da ya sha, janareta ma haka. Zagaye ɗaya ya bar 64, na biyu ya bar 41, a haka har ya tsaya. Wannan shi ne labarin janareta marar shan mai: batir yana juya inji, inji yana juya altaneta, altaneta tana cajin batir, fitila tana ci a gaban mai saye, har ran da batirin ya ƙare. Tun a 1775 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta yanke shawarar daina duba injunan da aka ce suna juyi har abada. A shekarun 1840 kuma Mayer da Joule da Helmholtz suka tabbatar da cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai a sauya masa kama.

Hanyar da ta ɓulle

Wannan bayani bai rufe wa mai sha'awa ƙofa ba, domin akwai makamashin da ba a saye, ko da yake yana da tushe sananne. Da tsakar rana in gari ya yi garau, kowace murabba'in mita tana samun kimanin wat 1,000 na hasken rana, kuma farantin sola na zamani yana mayar da wajen kashi ɗaya cikin biyar ya zama lantarki. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya ba da rayuwarsa ga wannan fanni. Ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na Nijar shekaru masu yawa, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki masu aiki da rana. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

A ƙasar Malawi kuwa, wani yaro, William Kamkwamba, ya bar makaranta saboda yunwa ta hana iyayensa biyan kuɗi. A 2002, yana ɗan shekara 14, ya ga hoton injin iska a wani littafi na ɗakin karatun ƙauyensu. Ya tattara fankar tarakta da gangar jikin keke da bututun roba da dainamo, ya kafa su a kan dogayen itatuwa, ya kunna fitila a gidansu. Kayan aikinsa ba su kai na DePalma ba ko kusa. Abin da ya raba su shi ne, in an tambayi yaron daga ina ƙarfin yake zuwa, zai nuna iska da yatsa.

Kammalawa

Ɗalibin da ke da hali ya haɗa faifan Faraday, don babu darasin lantarki da ya fi wanda hannu ya taɓa. Sai dai ya yi hattara. Babban maganaɗisun neodimiyam yana iya murƙushe yatsa, faifan da bai daidaita ba yana iya tsinkewa da gudu, zaiba kuma da waɗansu ke sawa a madadin goga guba ce. Ko a Kanbera, narkakken ƙarfen da aka fara amfani da shi wajen ɗaukar wuta ya jawo haɗari a 1962 wanda ya makantar da wani ma'aikaci. Ya kuma riƙa rubuta awonsa yadda ya fito, har wanda bai yi masa daɗi ba, kamar yadda Faraday ya cika littattafansa da gwaje-gwajen da suka ƙi.

Ma'aikacin da aka kawo wa sabon inji kuwa, kada ya kori mai shi, kada kuma ya yi gaggawar sa hannu. Ya tambaye shi inda makamashin yake fitowa. Ya nemi wani masani wanda ba shi da rabo a cinikin ya auna abin da ke shiga da abin da ke fita. Sa'an nan ya sa a cire batir, ko a rufe injin a ɗaki yana ɗauke da kaya har mako guda. Mai gaskiya zai yi murna da wannan gwaji, domin shi ne zai fid da shi kunya. Wanda ya ƙi, yana cewa asiri ne, to, Hausawa sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.