Bayan Gashi, Wa Ke Jin Labarin Majiyyaci?

 

Tun da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, ruwa ya gangaro Kadawa, manomin Kura da Bunkure bai san hutun rani ba: daga shinkafa sai tumatir, sai alkama. Irin wannan mutum idan ciwon daji ya kama shi, da wuya ya je asibiti sai abin ya ci jiki, har ya taɓa ƙashi. A nan ne likita kan tura shi gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ba don ya warke ba, sai don zafi ya lafa, ya samu barci, ya iya sallah.

Shekara da shekaru asibitin Shika aka riƙa tura mutanenmu, ko Sakkwato, ko Abuja. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya. Shi ya sa nake girmama binciken Holan na 1999 a kan majiyyata fiye da 1,000, wanda ya nuna gashi sau ɗaya yana kwantar da zafin ƙashi daidai da gashi sau 6. An fi maimaita wa masu sau ɗayan, gaskiya ne, amma ga wanda ya baro gona cikin ban-ruwa, tafiya ɗaya rahama ce.

Sai dai da ya hau mota, shi ke nan, likita ya daina jin ɗuriyarsa. Alhali zafin kan ƙaru a kwanakin farko, sauƙin kuma yakan ɗauki har mako 4. Wanda ba a gaya wa haka ba, cewa zai yi gashin ne ya ƙarasa shi, ya koma ga mai tallan magani a kasuwa.

Bibiyar majiyyaci kuwa tana da amfani: a asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka an gwada majiyyata 766 da ake yi wa maganin daji ta jijiya. Wasu suka riƙa aika bayanin jikinsu ta intanet, idan abu ya tsananta nas ta gani nan take. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna sun fi sauran daɗewa a raye da kusan wata 5.

Kada mu kwaso manhajarsu yadda take. Namu kiran waya ne da saƙon murya, da Hausa. Kuma kada a tsaya a gaisuwa, don Bahaushe ko yana murƙususu "da sauƙi" zai ce. A tambaye shi dalla-dalla: ya yi barci jiya? Abinci na shiga? Maganin zafin ya ƙare? Mace mai sankarar mama ko ta bakin mahaifa kuwa, sau da yawa wayar tana aljihun maigida, kuma ba za ta faɗi zubar jini a gabansa ba, balle ga baƙon namiji. Mace ce za ta kira ta, a lokacin da ita ta zaɓa.

Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne a ware ma'aikaci a Babban Asibitin Kura mai riƙe da wannan layi, wanda ke da lambar likitan gashi. Idan majiyyaci ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi ko fitsari ya tsaya, mai yiwuwa ciwon ya danne laka ne, a ranar za a ɗauke shi, ko da ana tsakiyar ɗiban tumatir.