Me Ya Sa Naman Layya Ke Motsi Bayan An Feɗe Shi?

 Waɗanda data ba ta bari suka saurari muryar ba, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau da nama zan fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar babbar Sallah ya san abin nan: an yanka, an feɗe, an ma cire cinya an aje a faranti, amma sai ka ga tsokar tana ɗan motsi ita kaɗai. Ina yaro na sha sheƙawa da gudu saboda haka, kawuna yana dariya yana cewa, "Dawo ɗana, ragon ne bai yarda ba tukuna." Bayan wasu awanni kuma sai naman ya sandare, ƙafar ragon ta ƙi lanƙwasuwa. In aka rataye shi ya kwana, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, a hankali sai ya fara saki. Motsi, sandarewa, saki. Ku riƙe min waɗannan, don yau tsoka za mu tattauna, kuma ƙarshen maganar ba ta rago ba ce.

Abin da muke kira nama ɗin nan, tsoka ce. A jikin ɗan Adam akwai tsokoki sama da 600 masu manne da ƙashi, kuma a jikin namiji baligi sukan kai wajen kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Abu na farko da ya ba ni mamaki da na fara karatunta shi ne, tsoka ba ta iya turi. Ja kawai ta sani. Shi ya sa take aiki biyu-biyu. Lanƙwasa hannunka yanzu: ƙwanjin gaba ne ya ja. Miƙe shi: tsokar bayan damtse ce ta ja. To amma lura, kafin ɗaya ta ja sai ɗayar ta saki, in ba haka ba hannun kafewa zai yi a tsakiya.

Yaya ake jan? In ka ɓare dafaffen nama za ka ga zare-zare. Cikin kowane zare akwai wasu ƙanana da ido ba ya gani, iri biyu: siriri mai suna aktin, da mai kauri mai suna mayosin. Shi mayosin yana da ƙananan kawuna kamar hannaye. Ka tuna yadda ake jan guga a rijiya: ka kama igiya, ka ja, ka saki, ka miƙa hannu gaba, ka sake kamawa. Haka mayosin ke yi wa aktin, sai dai su hannayen ba su ƙirguwa, kuma ba tare suke saki ba, wasu na saki wasu na riƙe, don kada gugan ya koma. Zaren kansu ba sa gajarcewa, shiga cikin juna suke yi, kamar ka sarƙa yatsun hannuwanka biyu. A 1954 aka bayyana wannan, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a gefe guda, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya gefen. Huxley biyun nan ba 'yan'uwa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Wa ke ba da umarnin a ja? Jijiya. A nan sai na ɗan tsaya, don Hausa ta haɗa abu uku a kalma ɗaya. Jijiyar jini daban, jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara daban, sai jijiyar saƙo mai fitowa daga laka. Ita ta ukun nake nufi. Saƙo na isowa bakin tsoka sai jijiyar ta fesa wani sinadari, asetilkolin, shi kuma ya sa ma'ajiyar kalsiyam da ke cikin tsokar ta buɗe. Kalsiyam ne ke janye murfin da ya rufe aktin, hannayen mayosin su samu wurin kamawa.

Yanzu ga inda nake so mu je. Man da tsoka ke ƙonawa sunansa ATP. Kowa zai ɗauka wajen ja kaɗai ake buƙatarsa. A'a. Hannun mayosin ba ya sakin igiya sai sabon ATP ya zo ya zauna a kansa. Kwashe kalsiyam a mayar da shi ma'ajiya, shi ma da ATP ake yi. Wato sakin tsoka ba hutu ba ne na banza, aiki ne mai cin mai. Ragonmu kenan. Da farko ƙwayoyin tsokar ba su mutu ba, da sauran mai, shi ya sa taɓawar wuƙa ko barbaɗa gishiri ke sa ta motsi. Man na ƙarewa sai hannayen su maƙale a inda suke, nama ya sandare. Laushin da ke biyo baya kuwa ba saki ba ne na gaskiya, zaren ne suka fara rugujewa.

To a jikin mai rai fa, wa ke cewa a saki? Laka, wadda ke cikin ƙashin baya. Ka taɓa kama murfin tukunya mai zafi? Hannunka ya riga ya janye kafin ka ce wash. Saƙon zafi ya shiga laka, lakar ta mayar da amsa nan take, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba, ita daga baya take jin labari. Haka in likita ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwarka da 'yar gudumar roba, ƙafa ta harba gaba ba da izininka ba. Amma a daidai lokacin umarni biyu lakar ke bayarwa: tsokar gaban cinya ki ja, ta bayan cinya ki saki. Akwai ƙananan jijiyoyi a laka da ba su da wani aiki sai taka birki. Charles Sherrington na Ingila ya yi dogon bincike a kan wannan, kuma ya samu kyautar Nobel a 1932.

Me zai faru in birkin ya tsinke? Na gani da idona. Wani yaro maƙwabcinmu ya taka ƙaya a gona, ciwon ɗan ƙarami ne, aka sa masa toka aka ɗaure da tsumma. Bayan kamar mako guda sai ya kasa buɗe baki ya ci tuwo. Wuya ya ƙage. Daga nan in an buga ƙofa da ƙarfi ko haske ya haske shi, sai duk jikinsa ya ɗaure, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Mutane suka ce iska ce, aka yi kwana biyu ana hayaƙi. Abin da har yau ke damuna, duk wannan azabar yaron cikin hayyacinsa yake, yana jin komai. Da aka kai shi asibiti ya yi makonni a ɗaki mai duhu, Allah Ya yi da sauran kwanansa.

Wannan ita ce titanus, wadda wasu ke kira tsinkau-tsinkau ko sarƙewar haƙora. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa, da ƙura, da kashin dabbobi. Ba tsatsa ke kawo ta ba kamar yadda muke cewa. Ƙusa ko ƙaya hanya kawai suke buɗe mata, kuma ta fi son rauni mai zurfi inda iska ba ta shiga. Dafinta na bin jijiya ya hau har laka, ya hana jijiyoyin birkin nan aiki. Sai kowace tsoka ta ja a lokaci guda, ta gaba da ta baya, ba mai saki. Jan kan yi ƙarfin da zai karya ƙashi, in kuma ya kama maƙogwaro da tsokokin numfashi, nan ne ake rasa rai. Alamun sukan fito tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni.

Jarirai ta cibiya take shigarsu: reza mara tsafta, ko a shafa toka ko kashin shanu. Jaririn da ke shan nono lafiya lau, cikin makonni biyun farko sai ya kasa kama nono, jiki ya sandare. Shi ya sa ake yi wa masu ciki allurar a wajen awo, kariyar uwa ce ke ratsawa zuwa ga ɗan. A Najeriya yara na samunta cikin allurar penta, a mako na 6, na 10 da na 14. Manya kuma ana son a sabunta duk bayan kamar shekara 10, kuma ni ban san mutum biyar cikin abokaina da suka yi ba.

Abu biyu da mutane ba su cika sani ba. Dafin da ya riga ya shiga jijiya, magani ba ya ciro shi, sai dai a tare wanda bai shiga ba, a lallaɓa jiki har ya gyara kansa, don haka kowace awa tana da daraja. Sannan wanda ya yi cutar ya warke bai samu kariya ba, shi ma sai an yi masa allura. In ka taka ƙusa ko ƙaya, wanke da ruwa mai tsafta da sabulu, kada toka, kada baƙin mai, ka je asibiti a ranar ka faɗa musu yaushe rabonka da allurar.

Mako mai zuwa in sha Allah za mu juya maganar: idan umarnin ja ne ya daina zuwa gaba ɗaya, wato shan inna. Mai tambaya ya aje ta a ƙasa. Sai mun haɗu.