Amsoshin Wasiƙunku: Fili a Bakin Tasha, a Sayar ko a Gina?

Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ta fito a Kebbe. Ya ce sun gaji fili a Tambuwal dab da tashar mota, 'yan'uwansa sun matsa a sayar a raba kuɗi, shi kuwa yana son a gina ɗakunan haya. Ya kuma ji an ce a Amurka har doka aka yi kan gini kusa da tasha, wai shin gaskiya ne?

To Malam, gaskiya ne. A watan Oktoba na 2025 Gwamna Gavin Newsom na jihar Kalifoniya ya sa hannu a kan dokar da ta yarda a gina benaye, wani wurin har hawa tara, kusa da manyan tashoshin jirgin ƙasa. Gidaje ne suka yi musu tsada, sai suka ce gara jama'a su taru inda mutum zai taka da ƙafa ya sami abin hawa.

Mu nan ba jirgi, amma hikimar ɗaya ce. Tambuwal tana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, mota ba ta yankewa. Ɗan kasuwar da dare ya yi wa, da direba, da malamin da aka turo aiki, kowa ɗaki yake nema kusa da tasha. Irin wannan fili saniyar tatsa ce; wanda ya yanka ta, naman kwana biyu zai ci.

Sai dai kada ka aza tubali tukuna. Fara da gado. Ku je gaban alƙali a fitar wa kowa da rabonsa, mata da marayu duka. Mai son kuɗi a biya shi haƙƙinsa, sauran ku haɗa hannu.

Sannan takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izninsu. Ka je ofishin filaye ka tambayi inda naku ya faɗa, ka karɓi takardar mallaka da iznin gini. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar gini da amfanin gona ake biya, ba ta ƙasa ba.

In filin na bakin titin tarayya ne, ja da baya kimanin mita 45 daga tsakiyar kwalta, don abin da ya shiga ciki ana iya rushe shi. Ka kuma bar wa ruwa hanya, ka nisanta masai da rijiya, don ɗaki goma a kan masai ɗaya kiran amai da gudawa ne.

Allah ya sa albarka a gadon, ya bar zumunci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.