Jawabi bisa zancen kuɓucewar fitsari, wanda anka yi a taron ƙungiya

 

A gafarce mu, yau za mu taɓa zancen da kunya ta daɗe tana rufewa. Akwai mata da yawa, tun ba waɗanda sunka haihu sau da dama ba, da in sun yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko sun ɗaga tulu, sai fitsari kaɗan ya kuɓuce musu. Wata ta bar zuwa buki, wata ta rage shan ruwa ko cikin bazara, wata kullum tana shakkar alwalarta. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma aikin iska ba ne. Zance ne na tsoka da jijiya.

Mafitsara kamar salka take, tana ɗaukar kusan rabin lita. A hanyar fitarta akwai tsoka mai ɗaure ta, kamar igiyar bakin salka. Umurnin ɗaurewa yana fitowa daga wani gungun jijiyoyi da ke ƙasan lakar gadon baya, wanda wani likita mai suna Onuf ya bayyana a 1899. In haihuwa ko tsufa sun raunana tsokar da jijiyarta, tari ɗaya ya isa ya rinjaye ta.

Nan ne sirotonin ya shigo. Sinadari ne da jiki ke yi da kansa. Kusan kashi 90 cikin 100 yana cikin hanji, amma wanda ya shafe mu yau daga ƙwaƙwalwa yake gangarowa cikin laka, shi da abokinsa noradirenalin. Ba shi ne ke ba da umurni ba. Aikinsa irin na sanƙira ne: sarki ya yi magana a hankali, shi ya ɗaga ta kowa ya ji. Muddin mafitsara tana cika, yana ƙara wa umurnin ƙarfi, tsoka ta ƙara matsewa. In lokacin yin fitsari ya yi, umurni ya tsaya, sanƙira ba shi da abin ɗagawa, hanya ta buɗe.

Bisa wanga sani ne likitoci sunka gwada wani magani, duloksetin, mai sa sinadaran nan biyu su daɗe suna aiki. A 2004 anka yarda da shi a Turai don wagga larura ta mata, amma a Amurka ba a ba shi izini don ita ba. Yana rage ɗigar, ba safai yake kawar da ita duka ba. Yana kawo tashin zuciya, jiri da bushewar baki, har mata da yawa kan bar shansa. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya.

Ƴan'uwa masu zuwa ci-rani, ku saurara da kyau. Kada ku sayo wa iyaye ko matanku wanga magani a matsayin tsaraba. Tramol ma yana ƙara sirotonin. In an haɗa su, mutum na iya yin zazzaɓi mai zafi, karkarwa da ruɗewa, har rai ya salwanta. Sai da takardar likita.

Abin da ake farawa da shi ba ya cin ko dala. Mace ta matse tsokar ƙasa kamar mai riƙe fitsari, ta ɗan jira, ta saki. Sau 8 a jere, sau 3 a yini, har wata 3 ba fashi. Likita Kegel ne ya yaɗa wagga dabara a 1948. Ungozomar likita tana iya nuna yadda ake yi. A kuma nemi maganin tari mai daɗewa da taurin ciki, don suna ƙara matsa mafitsara. Rage shan ruwa ba magani ba ne.

Abu ɗaya za mu rarrabe. Wadda fitsari ke zubo mata dare da rana, bayan doguwar naƙuda, tata daban ce: yoyon fitsari ne, rami ne ya samu, sai ɗinki. Ana yinsa a Danja kusa da Maraɗi, da kuma Yamai.

Magidanta, in matarka ko mahaifiyarka ta ce za ta ga ungozoma, kada ka tsananta tambaya, ka ba ta kuɗin mota. Dattawa, ku sa baki.